Ɗan Takara na Uku a Zaɓen Shugaban Amurka

Fiye da shekara 150 ke nan babu wanda ya ci zaɓen shugaban Amurka sai ɗan jam'iyyar Democrat ko ɗan Republican. Duk da haka, kusan kowane zaɓe sai an samu wani ya tsaya a wajen waɗannan gidaje biyu, kuma da an kammala ƙidaya sai ɓangaren da ya sha kaye ya nuna shi da yatsa, a ce ɗan a-fasa-kowa-ya-rasa ne. A ganina wannan zargi ya fi ƙarfin hujjar da ke bayansa. Tarihin ƙasar ya nuna cewa ba kasafai ɗan takara na uku ke sauya wanda zai hau mulki ba. Abin da ya fi yi shi ne sauya abin da mai mulkin zai yi idan ya hau. A 'yan lokutan da ya kayar da wani kuwa, tsarin ƙidayar ƙuri'a ne ya ba shi wannan ƙarfi.

Ba jimillar ƙuri'un ƙasa ke naɗa shugaban Amurka ba. Kowace jiha tana da wakilan zaɓe daidai da yawan kujerunta a majalisun tarayya, duka-duka 538 ne har da na babban birnin ƙasar, kuma mai neman nasara sai ya samu 270. In ban da Maine da Nebraska, duk wanda ya zo na ɗaya a jiha, ko da ƙuri'a guda ya fi, shi ke kwashe wakilanta kaf. Abin da ya faru da Ross Perot a 1992 ya isa misali. Attajirin nan na Texas ya sayi rabin sa'a sukutum a talabijin, ya zauna bayan tebur riƙe da sandar nuni, yana ɗaga allunan lissafi ɗaya bayan ɗaya don jama'a su ga yadda bashi ke cin gwamnati. Kusan mutum miliyan 20 suka zaɓe shi, wato kashi 19 cikin ɗari, amma bai samu wakili ko ɗaya ba. 'Yan Republican sun daɗe suna cewa shi ya kayar da George Bush babba, sai dai tambayoyin da aka yi wa masu zaɓe a bakin rumfuna sun nuna da Perot bai tsaya ba, da magoya bayansa sun rabu kusan daidai tsakanin Bush da Bill Clinton. Abin da ya bari shi ne maganar giɓin kasafin kuɗi. Jam'iyyun biyu sun ga miliyoyin ƙuri'un nan sun yi kwaɗayinsu, batun ya hau kan gaba a muhawarar majalisa, kuma a 1998 gwamnati ta samu rarar kuɗi karo na farko tun 1969. Bunƙasar tattalin arziki ta taimaka ƙwarai, amma Perot ne ya sa rage giɓin ya zama abin neman ƙuri'a.

Shekara ɗari kafin Perot an taɓa ganin haka. A 1892 manoman yamma da kudu, waɗanda bashin banki da tsadar dakon jirgin ƙasa suka gallaba, suka tsayar da James Weaver a jam'iyyarsu ta talakawa. Ya samu ƙuri'a sama da miliyan ɗaya da wakilai 22. Cikin buƙatunsu akwai harajin da zai fi nauyi a kan mai yawan samu, da kuma a bar jama'a su zaɓi sanatoci da kansu maimakon majalisun jihohi su naɗa su. A 1896 Democrat ta rungumi babban ɓangare na kukansu ta tsayar da William Jennings Bryan, jam'iyyar manoman ta narke, amma a 1913 buƙatun nan biyu suka shiga kundin tsarin mulki. Wannan hanya ba alheri kaɗai take ɗaukowa ba. George Wallace, tsohon gwamnan Alabama da ya yi suna wajen kare wariyar launin fata, ya ci jihohi biyar na kudu da wakilai 46 a 1968, kuma Richard Nixon da waɗanda suka biyo shi sun yi ta zawarcin mutanensa har kudancin ƙasar ya koma hannun Republican.

Mai ja da wannan ra'ayi zai kawo zaɓe biyu, kuma yana da hujja. A 1912 tsohon shugaba Theodore Roosevelt ya nemi tikitin Republican aka hana shi, ya fice ya kafa tasa jam'iyyar. Ya samu kashi 27, shugaba mai ci William Taft ya samu 23, Woodrow Wilson na Democrat ya haye da kashi 42 kacal da wakilai 435. Amma wannan gida ɗaya ne ya tsage biyu, kuma ɓarakar ta riga ranar zaɓe. Na 2000 ya fi wuyar amsawa. George Bush ƙarami ya ci Florida da ratar ƙuri'a 537, alhali Ralph Nader na jam'iyyar kare muhalli ya samu sama da 97,000 a jihar, kuma babu mai shakkar cewa masu zaɓensa sun fi karkata ga Al Gore na Democrat, abokin karawar Bush. Da Nader ya janye, mai yiwuwa ne ƙwarai Gore ya ci. Na yarda da wannan. Sai dai idan rata ta ƙanƙance haka, kowane abu na iya zama sanadi. A gundumar Palm Beach an buga takardar ƙuri'a da sunaye a shafi biyu masu fuskantar juna, ramukan hudawa a tsakiya. Sunan Gore ne na biyu a hagu, amma raminsa na uku ne, na biyun kuwa na wani ɗan takara ne, Pat Buchanan, wanda ya tashi da ƙuri'a sama da 3,000 a yankin da ba nasa ba. Gore ya kuma faɗi a jiharsa ta Tennessee, sannan Kotun Ƙoli ta dakatar da sake ƙidaya a watan Disamba. Kuma kada a manta, a faɗin ƙasa Gore ya fi Bush da ƙuri'a kusan rabin miliyan, duk da tsayawar Nader.

Wannan ne ya sa nake ɗora laifin a kan doka. Mutumin da ya zaɓi Nader ba shi da hanyar da zai ce in nawa bai kai ba, a ba wane. Inda ake zagaye na biyu, yana da ita. A Nijar a 1993 Tandja Mamadou ne ya zo na ɗaya a zagayen farko, amma waɗanda suka zo na uku da na huɗu suka mara wa Mahamane Ousmane baya, ya ci a zagaye na biyu, kuma ƙuri'ar magoya bayansu ba ta tafi a banza ba. A Amurka ma an fara gyara kaɗan-kaɗan. Jihar Maine ta yi zaɓen shugaban ƙasa na 2020 da takardar da mai zaɓe ke jera 'yan takara, na ɗaya, na biyu, na uku, ta yadda idan gwaninsa ya zo ƙarshe ƙuri'arsa ta koma ga zaɓinsa na gaba. Alaska ta bi sahu a 2024. Sauran jihohin kuwa, waɗanda majalisunsu ke hannun manyan jam'iyyun nan biyu, suna nan kan tsohon tsari, wasu ma, har da Florida, sun kafa dokar haramta sabon.