Igwar da Ba Za Ta Kai Kowa Wata Ba, da Yaron da Ya Gano Haka

Mai karatu, ka taɓa miƙa wa yaro littafin labari, sai wani babba ya ce, "Ai wannan tatsuniya ce, a ba shi na makaranta"? Ni dai na sha jin haka tun ina firamare. Yau ina karatun digiri na biyu a fannin kimiyya, kuma har gobe ba abin da ke hana ni barci kamar ƙagaggun labaran kimiyya. Bari in ba ka tarihin guda ɗaya daga cikinsu, sai ka yanke hukunci da kanka.

A 1865 wani marubuci ɗan Faransa, Jules Verne, ya fitar da littafi mai suna De la Terre à la Lune, wato Daga Ƙasa zuwa Wata. A cikin labarin, wasu Amurkawa sun haƙa rami a jihar Fulorida suka ƙera wata shirgegiyar igwa mai tsawon mita 274, suka sa mutum uku cikin harsashi, suka harba su zuwa wata. Verne bai yi wasa da lissafi ba: ya san abu sai ya yi gudun kusan kilomita 11 a daƙiƙa ɗaya kafin ya kuɓuta daga ƙarfin jan ƙasa.

Bayan shekara 40, littafin ya faɗa hannun wani yaro ɗan shekara 11 mai suna Hermann Oberth, a wani yanki da yanzu yake cikin Romaniya. Ya yi ta maimaita shi har ya kusa haddacewa. Daga nan sai ya ɗauki takarda ya soma bin lissafin, ya kuwa gano aibin igwar. Ka lura: in za ka tashi daga tsaye ka kai wancan gudun cikin mita 274 kacal, jikinka zai ji nauyinsa ya ninka fiye da sau 20,000. Mai kilo 60 zai ji kamar an ɗora masa tan 1,200. Kafin harsashin ya fita bakin igwa, matafiyan sun zama fate.

To mene ne mafita? A ƙara gudun sannu a hankali, cikin mintoci. Abin da zai iya haka shi ne roka, wadda ke ɗauke da manta, tana ƙona shi tana fesa hayaƙin baya, ita kuma tana yin gaba. Oberth ya bi wannan tunani har girmansa. A 1922 jami'ar Heidelberg ta Jamus ta ƙi karɓar kundin digirinsa kan roka, sai ya buga shi littafi a 1923. Wani matashi, Wernher von Braun, wanda da can lissafi ke ba shi wuya, ya karanta shi, ya ga ba zai gane ba sai ya iya lissafi, ya duƙufa. Shi ne daga baya ya jagoranci ƙera rokar Saturn V da ta kai mutane wata. Amma kada mu ɓoye: shi ne kuma ya ƙera wa gwamnatin Hitler rokar V-2 da ta kashe dubban mutane, wadda aka tilasta wa fursunoni aikin haɗa ta. Littafi yana kunna wa yaro son sani. Tarbiyyar abin da zai yi da sanin tana wuyanmu.

A watan Yulin 1969 kumbon Apollo 11 ya tashi daga Fulorida da mutum uku, kamar yadda Verne ya ƙaga. Nauyin da 'yan sama jannatin suka ji a lokacin tashin bai wuce ninki 4 ba. A shekarar ce kuma aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a Zariya, labarin yaron da wata halitta daga sama ta ɗauka yawo cikin sararin samaniya. Ka ga ashe mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage.

Ina da kwali guda na irin waɗannan littattafai da nake ara wa 'ya'yan yayata in na je hutu. Sharaɗina ɗaya: duk wanda ya dawo da littafi, ya zo da tambaya, musamman kan abin da yake ganin marubucin ya yi shirme. Kwanaki 'yar shekara goma ta tsare ni: "In babu iska a can sama, me rokar take tokara har ta yi gaba?"

Na yi dariya, don a 1920 jaridar New York Times ta yi wa Robert Goddard ba'a kan wannan batu, wai roka ba za ta yi aiki inda babu iska ba. Goddard kuwa, wanda shi ma labarin H. G. Wells na mamayar halittun duniyar Mars ne ya kama shi yana ɗan shekara 16, ya harba roka ta farko mai ruwan mai a 1926. Jaridar ba ta janye maganarta ba sai ranar 17 ga Yulin 1969, Apollo 11 na kan hanya.

Sai muka hura balan-balan muka sake shi, ya yi ta zillo a tsakar gida. Na ce mata iskar da yake fesawa baya ce ke ingiza shi gaba, ko da babu komai a kewayensa. Ta yi shiru, can ta ce ba ta gama yarda ba tukuna. Na ce madalla, na miƙa mata littafi na gaba.