Daga Alkamar Fadama Zuwa Burodin Birni: Tarihin Abin Karin Kumallonmu

A kowace safiya, daga Tashar Yari zuwa Hunkuyi, daga Paki zuwa cikin garin Ikara, teburin mai shayi na cikin wuraren da suke fara cika da jama'a. Haka abin yake a gidajen 'yan uwanmu mazauna Kaduna da Kano da Abuja da Legas, inda burodi ya zama abin da ake sallamar yara da shi kafin su tafi makaranta. Saboda tsananin sabo, da wuya mutum ya tsaya ya tambayi kansa yaushe wannan abinci ya shigo mana, ko daga wace gona aka girbo alkamar da aka yi shi da ita. Amsar tambayoyin nan biyu kuwa ta shafi lafiyar jikinmu da aljihunmu da kuma makomar fadamun da muka baro a gida.

Alkama kafin zuwan Turawa

Alkama ta daɗe a ƙasar Hausa, kuma sunanta kaɗai ya isa ya nuna hanyar da ta biyo, domin daga Larabci muka aro kalmar. Fataken da suke ratso Sahara daga Arewacin Afirka su ne suka kawo irinta da kuma dabarun sarrafa ta. Shahararren matafiyin nan Ibn Baɗɗuɗa, da ya yada zango a Takedda ta ƙasar Azbin a shekarar 1353, ya tarar ana noma 'yar alkama kaɗan a can, wadda fatake da baƙi ne suke cin ta. Ƙarnuka bayan haka, Turawa 'yan yawon buɗe ido irin su Kilafatan da ya iso Kano a 1824 da Barth da ya zo a 1851, sun iske alkama a ƙasar Hausa a matsayin amfanin lambu da ake yi wa ban-ruwa da rani, abincin Larabawan birni da masu hali.

Dalilin da ya sa ba ta zama abincin kowa da kowa ba a fili yake. Alkama ba ta son zafi, ba ta kuma jure laimar damina irin tamu. Sai sanyin hunturu ya kankama, wato daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, ake shuka ta, a girbe ta wajen watan Maris kafin zafin bazara ya ƙone zangarniyar. A wannan tsakani kuwa ko ɗigon ruwa ba ya sauka daga sama, don haka manomin dā da jigo yake ɗebo ruwa daga rijiya ko rafi, ya shayar da fangali ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai cin ƙarfi, amfanin kuma kaɗan. Shi ya sa gero da dawa suka riƙe tukunyar yau da kullum, alkama kuma ta zama abincin fita kunya: alkaki a cikin kayan gara, finkaso da alkubus da taliya ranar salla ko saukar babban baƙo, dashishi a gidan sarauta, sai gurasar da Kanawa suka shahara da gasawa a cikin tanderu.

Akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya riƙe a nan. Alkamar da kakanninmu mata suke sarrafawa, da turmi da dutsen niƙa suke yin ta. Ko da sun surfa sun tankaɗe, garin yakan fito da ɗan duhu-duhu, domin wani kaso na dusar da kuma idon ƙwayar yana nan a ciki. Abin da a yau ake sayarwa da tsada a manyan kantunan birni da sunan burodin alkama mai dusa, ɗan'uwan garin da aka saba yi wa amare alkaki da shi ne tun zamanin zamunna.

Yadda burodi ya hau jirgin ƙasa

Shi burodi irin na gwangwani, daga bakin teku ya hauro mana. A Legas, wani mutumin Jamaika mai suna Amos Shackleford, wanda ya zo aikin jirgin ƙasa a 1913, ya kafa gidan burodi daga baya, ya shigo da injin murza ƙullu, har aka riƙa yi masa laƙabi da sarkin burodi. Layin dogo kuwa ya riga ya isa Kano tun 1911, ya ratsa ta Zariya, ya bi ta Likoro da Gimi a nan yankinmu. Ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu da suka zauna a Sabon Garin Zariya sun zo da al'adarsu ta cin burodi, daga nan kuma ta bazu zuwa barikin soja da makarantun kwana da asibitoci. Ɗaliban da suka yi karatu a Zariya da 'yan ci-rani su ne suka riƙa komowa ƙauyukanmu da shi a matsayin tsaraba, har ya zamana yaro ba ya yarda an dawo daga tafiya sai ya ga burodi a cikin jaka.

A wancan lokaci garin fulawa a buhu ake shigo da shi daga ƙasashen waje. Al'amarin ya sauya a 1960 da aka kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria, wanda injinsa na Apapa ya fara niƙa a 1962. Tun daga ranar aka koma shigo da ƙwayar alkama a jiragen ruwa, akasari daga Amurka, ana niƙa ta a bakin tashar jirgi. Cikin shekarun 1970 aka buɗe irin wannan masana'anta a Bompai ta Kano. Da kuɗin man fetur suka ɓarke, albashin Udoji ya shiga hannun ma'aikata a 1975, darajar naira kuma tana sama, sai alkamar waje ta yi araha ƙwarai. Gidajen burodi suka yawaita, mai shayi ya kafa teburinsa a kowace tasha, kuma kafin farkon shekarun 1980 alkamar da Nijeriya take shigowa da ita ta haura tan miliyan ɗaya a shekara.

Injinan zamani ba irin niƙan dutse suke yi ba. Ƙwayar alkama kashi uku ce: ɓawon waje wanda shi ne dusa, da farin gari na tsakiya, da ɗan idon da tsiro yake fitowa daga cikinsa. Injin yakan ware dusar da idon, ya bar farin garin zalla, wanda bai wuce kashi uku cikin huɗu na nauyin ƙwayar ba. Ana yin haka ne domin idon yana da mai, man kuma yakan sa gari ya yi ɗaci idan ya daɗe a ajiye. Farar fulawa takan yi watanni a sito, ta yi doguwar tafiya a bayan tirela, ta kuma ba da burodi mai laushi da tashi. Sai dai mafi yawan sinadaran gina jiki da abin da yake taimaka wa hanji suna tare da abin da aka ware, wanda aka mayar abincin kaji da shanu. A 2002 gwamnati ta wajabta wa masu niƙa ƙara sinadarin bitamin A a cikin fulawa.

Yunƙurin noma tamu

Hukumomi ba su zauna haka nan ba. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka shimfiɗa magudanan ruwa a Kadawa da Kura, nan maƙwabtanmu idan an wuce Kwanar Ɗangora. An gina ta Bakolori a kan kogin Sakkwato, an kuma buɗe babban aikin ban-ruwa a kudancin Tafkin Chadi, duk da fatan alkama ta wadata. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta yi gwaje-gwajen iri, daga baya aka ɗora nauyin binciken alkama a kan Cibiyar Tafkin Chadi da ke Maiduguri. Amma abin da aka girba bai taɓa kusantar abin da ake ci ba. A 1985 wasu masana biyu 'yan ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Bjorn Beckman wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, suka wallafa littafi mai suna The Wheat Trap, wato tarkon alkama, inda suka nuna yadda ƙasa ta saba wa bakinta abincin da gonakinta ba za su iya wadata ta da shi cikin sauƙi ba.

A farkon 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta haramta shigo da alkama baki ɗaya. Farashinta ya tashi, manoman rani a jihohin Arewa suka tsunduma cikin nomanta da 'yan injinan ban-ruwa, wasu kuma suka samu alheri. A ɗaya ɓangaren, injinan niƙa suka rasa abin niƙawa, gidajen burodi da dama suka rufe, fulawar fasa-ƙwauri ta riƙa kwararowa ta kan iyakoki. A ƙarshen 1992 aka janye haramcin, alkamar waje ta dawo, manoma da yawa kuma suka koma ga tumatir da albasa da rake da masarar rani. Daga baya gwamnatocin Obasanjo da Jonathan sun gwada cusa garin rogo a cikin fulawa, gwamnatin Buhari kuma ta ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa da alkama rance a Kebbi a 2015. Duk da haka, binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2021 a jihohi 13 masu noman alkama, har da tamu Kaduna, ya nuna abin da aka noma bai kai tan dubu 40 ba, alhali abin da ake shigowa da shi miliyoyin tan ne a kowace shekara. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a 2022, sannan darajar naira ta faɗi a 2023, kowane magidanci ya ji a jikinsa: burodi ya ƙara kuɗi, ya kuma rage girma.

Komawa ga dusa

A 'yan shekarun nan, yawaitar ciwon sukari da hawan jini da ƙiba a tsakanin mazauna birane ta sa likitoci suna ba da shawarar cin hatsin da ba a raba shi da dusarsa ba, domin dusa tana rage saurin shigar sukari cikin jini, tana kuma riƙe ciki. Wannan bai mayar da burodin alkama magani ba, mai ciwon sukari dole ya kiyaye yawan abin da yake ci bisa shawarar likitansa. Amma ya fi farin burodi mai cike da sukari nesa ba kusa ba. Ga kuma batun sinadarin nan na buromet da wasu masu gidajen burodi suke sakawa don ƙullu ya kumbura, wanda hukumar NAFDAC ta haramta ta kuma yaƙe shi tun zamanin shugabancin Dora Akunyili. Wanda ya gasa nasa a gida ya san abin da ya zuba.

Yin sa kuwa bai fi ƙarfin uwargidan da ta iya finkaso ba. A auno alkama a kasuwa, a tsince, a wanke, a shanya ta bushe sarai, a kai injin unguwa a niƙa da laushi ba tare da an surfe ba. Kada a niƙa fiye da na mako biyu ko uku, saboda man da ke cikin idon. Rabin kilo na gari yana buƙatar ruwa mai ɗumi kimanin kashi uku cikin huɗu na nauyinsa, domin dusa tana shan ruwa fiye da farar fulawa, sai ƙaramin cokali biyu na yis, da gishiri, da ɗan mai, da ɗan zuma ko mazarƙwailar Makarfi. Idan an kwaɓa a bar shi ya huta kamar rabin sa'a don dusar ta jiƙa, sannan a murza sosai har ya yi danƙo. A rufe ya tashi, a danne, a sa a gwangwani ya sake tashi, a gasa wajen minti 40. Wadda ba ta da abin gashi na zamani, babbar tukunya da yashi a ƙasa da garwashi a kan murfi sun wadatar. Ba zai kumbura kamar na kanti ba, domin dusa tana yanke danƙon ƙullu, amma wannan nauyin nasa ne yake sa ya yanku sumul idan ya huce, ya gasu a kasko da safe, ya kuma riƙe ƙwai ko ƙosai ko kifi a tsakanin yanka biyu ba tare da ya dagargaje a jakar ɗan makaranta ba.

Abin da ya rage gare mu

Tarihin nan ya nuna cewa manyan madatsun ruwa da dokar haramci ba su fitar da Nijeriya daga dogaro da alkamar waje ba, kuma ba ƙungiyar raya gari ce za ta yi abin da ya gagari gwamnatoci ba. Amma akwai abin da yake daidai ƙarfinmu. Babbar matsalar ƙaramin manomin alkama ita ce rashin tabbacin mai saye da farashi tun kafin ya shuka. Ikara da Makarfi da Kudan suna da fadamu, suna da sanyin hunturu, suna da manoman rani da suka goge a kan tumatir da rake, waɗanda kuma suka sha ganin kwandunan tumatir suna ruɓewa a bakin hanya idan kasuwa ta cika. Alkama ba ta ruɓewa haka. Idan ta bushe takan jira mai saye. Da a ce rassan ƙungiyarmu na birane za su haɗa kuɗi tun watan Oktoba, su ƙulla yarjejeniya da wasu manoma a gida, a nemo iri mai kyau ta hannun malaman gona, to, da a watan Afrilu buhunan alkamar gida sun isa ɗakunan girkin 'ya'yan yankin nan a Kaduna da Abuja, kuɗin kuma ya tsaya a Gimi da Likoro da Saulawa. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Muna fatan shugabannin rassa za su sanya wannan batu cikin abubuwan tattaunawa a babban taron shekara mai zuwa, kafin lokacin shuka ya wuce.