Iyakokin kamawar wuta na iskar haidurojin: tarihin aunawa da hasashe

Iska mai ci da wuta ba ta kamawa sai ta gauraya da iskar da ake shaƙa daidai wani gwargwado. In ta yi kaɗan, wutar ba ta samun abin ci. In ta yi yawa, oksijin ya gaza. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu hatsari yake. Gas ɗin girki na kamawa daga kusan kashi 2 zuwa 10 cikin 100 na iskar ɗaki. Ita kuwa haidurojin daga kashi 4 take farawa, ba ta tsayawa sai kashi 75, kuma ɗan tartsatsin da ke fita daga gogar tufafi ya isa ya tayar da ita.

Henry Cavendish na Ingila ne ya fara bayyana ta a matsayin iska mai zaman kanta a 1766, bayan ya zuba asid a kan tutiya da baƙin ƙarfe. Amma ramukan haƙar kwal ne suka tilasta a fara awo. A 1812 fashewar gas ta kashe mutum 92 a ramin Felling, abin da ya sa Humphry Davy ya yi ta gwada gaurayen gas ɗin rami har ya ƙera fitilarsa mai ragar waya a 1815. A Faransa, Ernest Mallard da Henry Le Chatelier suka ɗora, kuma a 1891 Le Chatelier ya fitar da ƙa'idar lissafa iyakar gauraye daga iyakokin iskokin da ke cikinsa. Daga nan hasashe ya samo asali, kuma injiniyoyi na aiki da ƙa'idar har gobe.

Alƙaluman da aka fi dogara da su sun fito ne daga hukumar ma'adinai ta Amurka, a rahoton Coward da Jones na 1952 da na Zabetakis na 1965. Na'urar ba ta da wani ƙyale-ƙyale: bututun gilashi a tsaye, tsawonsa mita ɗaya da rabi, faɗinsa santimita 5. A cika shi da gaurayen, a kunna daga ƙasa, a duba ko harshen wuta zai kai sama. A nan haidurojin ta nuna halinta. A kashi 4 wutar na hawa sama ne kawai, tana tsinkewa ƙanana-ƙanana, ta bar yawancin iskar ba ta ƙone ba. Sai an kai wajen kashi 9 take iya gangarowa ƙasa. Ashe iyakar ta danganta da inda wutar ta nufa, da zafi, da matsi, da tururin da ke wurin.

Darasin ya zo da tsada. Jirgin balan-balan na Jamus, Hindenburg, ya ƙone a Lakehurst ta Amurka ranar 6 ga Mayu 1937, mutum 36 suka rasu. A 1979 haidurojin ta kama cikin ginin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka, sannan a Maris 2011 ta tarwatsa gine-gine uku a Fukushima ta Jafan. Ba kowane yanayi ake iya gwadawa a bututu ba, don haka masana suka koma ga lissafin zafin harshen wuta da kwamfuta, yanzu kuma har da manhajojin da ke koyo daga tsofaffin gwaje-gwaje. Duk da haka, hasashen da ba a gwada a zahiri ba bai kamata a damƙa masa ran ma'aikaci ba.

Afirka ta Yamma ma na da nata labarin. A 1987 masu haƙar rijiyar burtsatse a ƙauyen Burakebugu na Mali suka ci karo da wata iska da ta kama daga tabar wani mutum, ta ƙone shi, aka toshe ramin. Daga baya aka gano kusan kashi 98 nata haidurojin ce, kuma daga 2012 aka fara ba ƙauyen lantarki da ita.

A Kokoro kuwa, cikin unguwar Kilomita Biyar ta Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, maganar haidurojin ta fi kusa da yadda ake zato. Wutar da kamfanin lantarki na ENERCA ke kawowa daga Boali ba ta wadatar da birnin, ko da aka buɗe tashar sola ta Danzi mai megawat 25 a 2023, shi ya sa shaguna da gidaje ke jingina da sola da batura. Batir mai ruwan asid yana fitar da haidurojin idan cajinsa ya cika ko ya wuce kima. Ba ta da wari, ba ta da launi, ta fi iska sauƙi sau 14, sai ta taru a ƙarƙashin rufi. Mai shagon da ya zare wayar caja alhali tana aiki ya samar da tartsatsin da ake gudu. Ƙa'idar ɗakunan batura a ƙasashe da yawa ita ce kada haidurojin ta wuce kashi 1, wato rubu'in kashi 4 ɗin da take fara kamawa. Mai ajiye batura a rufaffen shago ya buɗe kafar iska can sama kusa da rufi, ya kuma kashe caja kafin ya taɓa waya.