Tarihin La'adar Mai Saye a Gwanjon Tsofaffin Motoci

Jama'a, duk lokacin da aka ce an sayar da wata tsohuwar mota a gwanjo kan miliyoyin daloli, sai ku ga ana ta salati. Ni kuma abin da ya fi jan hankalina shi ne, kuɗin da jaridu ke bugawa ba shi ne wanda aka buga guduma a kai ba.

Ga misali. A watan Agustan 2018, a Monterey ta jihar Kalifoniya a Amurka, kamfanin RM Sotheby's ya yi gwanjon wata Ferrari 250 GTO ƙirar 1962, irin wadda guda 36 kacal aka ƙera. An sallama ta a dala miliyan 44. Amma abin da mai sayen ya biya dala miliyan 48.4 ne. Ina rarar ta tafi? La'adar kamfanin gwanjo ce: kashi 12 cikin ɗari a kan dala 250,000 na farko, kashi 10 a kan ragowar. Wato sama da dala miliyan 4 kenan, tun kafin a yi maganar haraji da kuɗin dako.

Wannan la'ada ba tun fil azal take ba. An kafa Sotheby's a Landan a 1744, Christie's kuma a 1766, kuma tsawon shekaru sama da 200 daga aljihun mai kaya suke cirar rabonsu. Sai a 1975 dukansu biyun suka ɗora wa mai saye kashi 10 cikin ɗari. Dillalan Landan suka yi bore, amma a banza, abin ya zauna daram. Dabarar ita ce a sassauta wa mai kaya don ya kawo hajarsa, a fanshe a kan mai saye, wanda zafin tayi ya riga ya ɗebe shi.

Daga baya ma asiri ya tonu cewa kamfanonin biyu sun haɗa baki wajen tsayar da la'adar masu kaya. A 2000 suka amince su biya diyyar dala miliyan 512, shugaban Sotheby's kuma, Alfred Taubman, ya sha ɗauri.

Duk da haka farashi bai daina tashi ba. A 1987 Christie's ta sayar da Bugatti Royale a Landan kan fam miliyan 5.5, duniya ta girgiza. A watan Mayun 2022 kuwa, a Stuttgart ta Jamus, wata Marsandi 300 SLR ƙirar 1955, wadda biyu kawai aka yi irinta, ta tashi a yuro miliyan 135.

Wani zai ce, to ina ruwanmu, mu da ke jiran albashi? Da ruwanmu fa. A kara, kowa ya san la'adar dillali kafin a ce "na sallama". A gwanjon zamani kuwa, musamman na intanet, tana kwance cikin ƙananan rubutun da ba mai karantawa. Ko akwalar mota za ka taya, fara tambayar nawa ne la'ada, nawa ne haraji, nawa ne kuɗin ajiya, sannan ka ɗaga hannu.

Allah Ya sa mu dace.