Tarihin Fijo: Daga Masana'antar Kaduna zuwa Garejin Birnin Konni

Fijo shi ne sunan da Hausawa suka raɗa wa motocin kamfanin Peugeot na Faransa. Daga shekarun 1970 zuwa ƙarshen ƙarnin da ya shige, ba motar da ta kai ta karɓuwa a hanyoyin da suka haɗa Sakkwato, Konni, Tawa da Maraɗi. Birnin Konni yana kan babban titin da ya taso daga Yamai zuwa Damagaram, tazara kaɗan daga garin Illela na jihar Sakkwato. A Tsarnawa, gabas da Konni, hanya ke rabuwa ta yi arewa, ta ratsa Badagishiri cikin gundumar Illela ta Nijar har ta kai Tawa. Wannan matsayi ya sa fatauci ya zama ƙashin bayan yankin. Akori-kurar 404 ce ke jigilar ƴan kasuwa da buhunan albasar Galmi a ranakun kasuwa, doguwar 504 mai layin kujeru uku kuma ita ce motar haya tsakanin garuruwa.

Gwamnatin tarayyar Najeriya da kamfanin Peugeot sun kafa kamfanin haɗin gwiwa mai suna PAN a watan Disamba na 1972, aka kuma buɗe masana'antarsa a Kakuri, Kaduna, a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon. Tana cikin masana'antun haɗa motoci shida da aka kafa da kuɗin mai a wancan lokaci. Sauran su ne Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu, Steyr a Bauci da Fiat a Kano. Aka fara da 404 da 504, daga baya 505 ta biyo. Gwamnati ce babbar mai saye, domin 504 ta zama motar ofis ta manyan ma'aikata da sojoji da ƴan sanda. A farkon shekarun 1980 masana'antar na fitar da kusan motoci dubu sittin a shekara, tana ciyar da dubban ma'aikata da iyalansu.

Sai dai ginin yana da rauni tun daga tushe. Inji da yawancin sassan mota daga Faransa ake kawo su a kwance, a ɗaura a Kaduna. Akwai shekarun da jiragen sama ke kwaso kayan daga Lyon zuwa Kano, sannan manyan motoci su ƙarasa da su. Muddin naira na da ƙarfi, wannan tsari bai dami kowa ba. Da farashin mai ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu, sannan gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta karya darajar naira a 1986, sai kuɗin sassa ya yi ta ninkawa. Sabuwar Fijo ta fi ƙarfin albashin ma'aikaci.

Giɓin da aka bari, tsofaffin motocin Turai ne suka cike shi, waɗanda ake kira tokumbo ko ƴan Baljiyam. A nan ne Konni ta shiga labarin ta wata fuska. Ana sauke motocin a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a koro su ayari-ayari ta Gaya da Doso, su huta a Konni ko Maraɗi kafin su tsallaka Najeriya. Sana'ar ta samar da abinci ga direbobi, dillalai, masu cike takardun duwan da masu masauki, amma kowace mota da ta tsallaka ta rage wa Kaduna ciniki. Haka aka ci gaba har aka daina haɗa 504 a 2006. Hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa da Najeriya ta yi daga Janairun 2017 ya rage wannan fatauci, amma lokacin masana'antar ta riga ta durƙushe.

An yi ta ƙoƙarin ceto ta ta hanyar sauya masu ita. A 2006 gwamnati ta sayar da mafi yawan hannun jarinta ga kamfanin ASD Motors na Alhaji Sani Dauda. Bashin bankuna ya yi yawa, hukumar karɓar basussuka ta AMCON ta karɓe kamfanin a 2012. Bayan sabuwar manufar motoci ta 2013, wadda ta ƙara haraji kan motocin waje, an koma haɗa samfurin 301 a 2014, amma adadin bai ko kama ƙafar na da ba. A 2020 AMCON ta sayar da shi ga kamfanin Nesbitt.

A daidai wannan lokaci uwar kamfanin a Faransa ita ma ta kusa nutsewa. A 2012 rukunin PSA, mai mallakar Peugeot, ya yi asarar euro biliyan biyar, ya kuma sanar da shirin rufe masana'antarsa ta Aulnay kusa da Paris. A 2014 gwamnatin Faransa da kamfanin Dongfeng na Sin suka zuba jari, kowanne ya riƙe kashi 14 cikin ɗari, Carlos Tavares kuma ya karɓi jagoranci. Ya rage yawan samfura, ya rage kashe kuɗi, ya hana sayar da mota da arha don kawai a ce an sayar da yawa. Ƙungiyoyin ƙwadago kuwa sun riga sun amince da sassauci kan albashi da lokutan aiki tun 2013. A 2015 riba ta dawo, a 2017 rukunin ya sayi Opel.

Tavares ya koyi aiki ne a ƙarƙashin Carlos Ghosn, wanda ya farfaɗo da Nissan daga 1999. Ghosn ya kafa kwamitoci tara, kowanne ya haɗa ma'aikatan sassa dabam-dabam, masu zane da masu sayen kaya da masu talla, ya ce su kawo maganin da kansu. An rufe masana'antu biyar, an rage ma'aikata dubu ashirin da ɗaya. A kamfanin Ford na Amurka, Alan Mulally ya zo a 2006, ya wajabta wa shugabannin sassa zama tare kowace Alhamis, kowa ya faɗi matsalarsa a gaban kowa ba tare da tsoron kora ba. A dukkan wuraren uku, cutar tana cikin gida: sassa ba sa magana da juna, kuɗi na zuba, amma kamfanin na da injiniyoyinsa da masu ƙera masa sassa da kasuwarsa. Shugaba nagari ya iya haɗa kawunansu, hannu da yawa ya zama maganin ƙazamar miya. Cutar Kaduna kuwa mafi yawanta daga waje take: darajar naira, ƙarancin lantarki, rashin masu ƙera sassa a gida, da manufofin gwamnati masu sauyawa. Sauya shugaba bai isa ya warkar da waɗannan ba.

Haɗin kan da ya tsawaita ran Fijo a ƙasar Hausa a gareji aka yi shi. A inuwar bedi, bakin tashar Konni, ubangida kan kasa kunne ya saurari ƙarar inji ya gane inda ciwon yake, yara su kwance, mai waya ya bi nasa layi, mai walda ya ɗinke ƙarfen da ya tsage, mai faci ya ji da taya. Motar da ta mutu ba a yar da ita, ana cire sassanta a raya wata. Yaro kan yi shekaru yana wanke sassa da miƙa sifana kafin a yaye shi ya buɗe nasa wuri.

Yau motocin Toyota da baburan Sin da Indiya sun mamaye hanyoyin yankin, rufe iyaka a 2019 da 2023 kuma ya girgiza sufuri tsakanin Konni da Illela. Sunan Peugeot ya koma ƙarƙashin rukunin Stellantis tun Janairun 2021. A 2022 wani sabon kamfani, haɗin gwiwar Dangote da gwamnatocin jihohin Kaduna da Kebbi da Stellantis, ya fara haɗa Fijo a wata sabuwar masana'anta kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, har yanzu da sassan da ake shigowa da su daga waje.