Tarihin Makarantun Kwamfuta na NIIT

A shekara ta 1978 kamfanin IBM ya tattara nasa ya nasa ya bar ƙasar Indiya, domin gwamnati ta hana baƙi su mallaki kamfani su kaɗai. Ofisoshi suna bukatar kwamfuta, amma masu iya aiki da ita kaɗan ne, jami'o'i kuwa ba su iya yaye isassu ba.

Wannan giɓi ne samari biyu, Rajendra Pawar da Vijay Thadani, suka hango. Dukansu sun yi karatun injiniya a birnin Delhi. A 1981 suka kafa makarantar NIIT, wadda ke karɓar ɗalibi ko da bai shiga jami'a ba.

Ga dabarar da ta sa ta yaɗu. Mai jari a wani gari yakan kama gida ya sayi na'urori. NIIT ta ba shi sunanta da littattafai, ta horar da malamai, ta shirya jarrabawa, sa'an nan a raba kuɗin makaranta. A 1986 aka kafa Aptech, ita ma ta bi wannan hanya.

Da shekara ta 2000 ta kusato, kamfanonin Amurka da Turai suka tsorata cewa kwamfutocinsu za su ruɗe wajen lissafin shekara. Suka nemi ma'aikata daga Indiya, kasuwar makarantun ta buɗe. NIIT ta kai har ƙasar Sin, ta shigo Nijeriya a 1999, ta kuma buɗe a Ghana.

Amma makarantar kuɗi ce. Yaya za a yi da ɗan talaka? A 1999 Sugata Mitra, masanin kimiyya na NIIT, ya huda katangar ofishinsu a Kalkaji, cikin Delhi, ya sa kwamfuta tana fuskantar unguwar matalauta. Yara suka taru, suka koya wa junansu ba malami. Aka yi irin wannan a ƙauyuka, ko da yake a wasu wurare na'urorin sun lalace don rashin mai kula. A 2013 aka ba Mitra kyautar dala miliyan 1 saboda aikin.

Saboda haka, mai karatu, ɗan talaka ba basira ya rasa ba, na'ura da mai kula da ita ya rasa. Unguwar da ta haɗa kuɗi ta sayi kwamfuta domin yaranta, sai ta tanadi na gyara tun ran fari, ta kuma sa wanda zai riƙa duba ta.