Yadda Tsofaffinmu Su Ka Zauna a Ɗakunansu Tun Kafuwar Zango

Wannan karo za mu waiwayi wani gefe na tarihinmu wanda ba a cika faɗarsa ba, watau yadda tsoho da tsohuwa su ke ƙare kwanakinsu a ɗakinsu na kansu, ba su zama kaya a wuyan kowa ba.

Kowa ya san fataucin goro ne ya kawo kakanninmu ƙasar Gwanja. Da yaƙin basasa ya ci Salaga cikin 1892, sai fatake su ka watse. Waɗansu su ka nufi Kete-Karachi, inda Alhaji Umaru, babban malamin nan mutumin Kano, ya zauna har ya rasu cikin 1934. Waɗansu kuma su ka gangara Kumasi da bakin teku. A Ankara, watau Accra, Malam Bako ya kafa Sabon Zango tun kafin Yaƙin Duniya na Farko, Nima kuwa ta fara cika daga shekarun 1930. Da yawa cikin baƙin nan sun zo ne da ƙuruciyarsu, da niyyar su sami abin da za su samu su koma. Amma aure da haihuwa su ka tsai da su, har tsufa ya iske su nesa da dangi.

To, da ya ke dangi na nesa, sai gida ya tsaya a matsayin dangi, kuma abu uku ne su ka riƙe tsoho a cikinsa. Na farko ginin kansa. Ɗakuna duk a ƙasa su ke, babu hawa bene, ƙofofi kuwa suna duban tsakar gida, saboda haka in tsohuwa ta yi tari da dare maƙwabciya ta ji. Tsoho kuma yana zaure, masallaci na kusa, ran da ba a gan shi sallar asuba ba, kafin rana ta fito an ƙwanƙwasa ƙofarsa.

Na biyu riƙo. A kan ba kaka jika ya zauna wurinta, ya ɗebo ruwa, ya je aike, ya kwana a ɗakinta. Na uku kuwa abin hannu. Mai gida ya kan sauki fatake ya sami la'ada, da wannan ciniki ya ja baya sai kuɗin hayar ɗakuna ya maye gurbinsa. Tsohuwa ta dama koko ko ta soya ƙuli-ƙuli, yara su yi mata talla. Wanda ke da ɗan kuɗinsa ba ya jiran a ba shi goro, kuma ana jin maganarsa a gida.

Wannan tsari ya sha babban duka ran 18 ga Nuwamba, 1969, sa'ad da Gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su fita daga ƙasa. Mutane da yawa su ka tashi, aka sayar da gidaje da araha, iyali su ka rabu. Bayan haka arzikin man fetur ya ja samari zuwa Nijeriya cikin shekarun 1970, daga baya kuma aka nufi Saudiyya da Jamus da Amurka. Garuruwa su ka cika, aka tsattsaga tsakar gida aka yi ɗakuna, a waɗansu gidaje har banɗaki aka mayar ɗakin haya, ya zama tilas tsoho ya taka zuwa na unguwa, ya tsallake kwata cikin duhu. Kuɗi ya na zuwa daga waje, amma kuɗi ba ya ɗaga wanda ya faɗi.

Gwamnati ta yi nata. An kafa asusun ajiyar ma'aikata cikin 1965, aka mai da shi fansho cikin 1991, sai dai ma'aikatan albashi ya fi amfana, mu kuwa yawancinmu 'yan kasuwa ne da masu sana'ar hannu. Cikin 2003 aka yi dokar inshorar lafiya, wadda ta ɗauke wa mai shekara 70 zuwa sama kuɗin shekara-shekara. Cikin 2008 aka fara shirin LEAP, mai ba matalauta ɗan tallafi, har da tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama. Lalle waɗannan sun taimaka, amma babu ko ɗaya da zai shigo gida ya duba ko tsohuwa ta tashi lafiya.

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, abin da gidan dā ya ke ba tsoho a kyauta, yanzu sai mun shirya shi da gangan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa waɗanda su ka haura shekara 60 su ne su ka fi mutuwa ta dalilin faɗuwa. Saboda haka a ba tsoho ɗakin ƙasa, kusa da banɗaki. A kafa ƙarfen riƙewa a bangon wurin wanka, a ajiye kujera, a kankare gansakuka daga siminti. A rage tsayin dokin ƙofa, a sa fitila a hanya, a ajiye tocila kusa da gado saboda ɗaukewar wuta. A sabunta masa katin asibiti kafin ya ƙare. A sa mutum ɗaya sananne, jika ko ɗan haya, wanda zai leƙa shi safe da yamma.

Sa'an nan kada a ƙwace masa abin da ya ke iyawa da sunan tausayi. In tsohuwa na iya dama kokonta a bar ta, in tsoho na iya karɓar hayarsa a bar shi ya ƙirga da hannunsa. Waɗanda ke ƙasashen waje kuma, in sun tashi gina wa iyaye gida, su tuna tsoho ya fi son ƙofar da abokansa su ka sani bisa ga bene a bayan gari.

Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe waɗanda su ka rage.